Motar Kwana: Bajamushe na Duba Sikeli, Ba'amurke na Duba Falo

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, birnin Dusseldorf na Jamus kan cika da masu zuwa baje kolin Caravan Salon, kasuwar motocin da ake kwana a ciki, masu gado da madafa da banɗaki. Baƙo yakan fara da kallon katifa da kyan kujeru. Bajamushe kuwa takardar da aka manna a gefe yake fara karantawa, yana neman lamba ɗaya: nauyin motar.

Dalilin a lasisi yake. Lasisin tuƙi na gama-gari a Tarayyar Turai, wato rukunin B, bai ba mutum damar jan motar da ta haura kilo 3,500 ba, da kayanta da mutanenta. Dattawan Jamus da suka karɓi nasu kafin 1999 su ne suka more, don tsohon lasisin ya kai tan bakwai da rabi, haka ma mutanen Birtaniya da suka ci jarrabawa kafin 1997. Sauran jama'a sai sun koma makarantar tuƙi. Ko an koma ma, haura iyakar na da tsada: a Ostiriya za a daina sayar maka da tikitin hanya na ƙananan motoci, a ba ka na'ura mai lissafa kuɗi kilomita-kilomita, a manyan titunan Jamus kuma gudunka ba zai wuce kilomita 100 a awa ba.

Saboda haka kamfanoni irin su Hymer na garin Bad Waldsee ke faman ƙwaƙule nauyi, galibi a kan gangar jikin Fiat Ducato. Sai ka ga mota ta fito daga masana'anta ta doshi tan uku, abin da ya rage wa mai ita 'yan ɗaruruwan kilo ne. A nan ake yin kuskure. Nauyin da aka rubuta ya haɗa da direba mai kilo 75 kawai, kuma doka ta yafe wa kamfani bambancin kashi biyar cikin ɗari. Uwargida da yara, rumfar gefe, kekuna, tukunyar gas ta biyu, duk daga ragowar za a cire. Ruwa lita ɗari kilo ɗari ne cif. Mu da muka tashi inda direban tasha bai yarda mota tana cika ba, wannan lissafin yana mana wuyar haɗiya, amma 'yan sandan hanya a Turai suna da sikelin tafi-da-gidanka, kuma idan ka zarce, sai ka sauke kaya kafin ka motsa.

A Amurka hirar daban ce. A yawancin jihohi lasisin gama-gari na jan abin da ya kai fam 26,000, kusan tan goma sha biyu. Motocin da ake ƙerawa a yankin Elkhart na jihar Indiana har suna kai wa mita goma sha uku, da bangon da ke zamewa waje idan an tsaya falo ya ƙara faɗi, wasu da injin wanki, wasu na jan ƙaramar mota a baya don shiga kasuwa. Mai yana da araha idan aka kwatanta da Turai, hanya shimfiɗe, fili kuma ba a magana: a yawancin filayen gwamnatin tarayya na yamma mutum zai yada zango kwana goma sha huɗu bai biya ko sisi ba. Irin wannan mota in ta shiga lungunan ƙauyen Italiya, sai dai a fito da ita da baya. Abin mamaki, tun 2019 kamfanin Thor na Amurka ne ya mallaki Hymer, amma bai sa Bajamushe ya ƙara wa motarsa tsawon ko taku ɗaya ba. Wasu ma ƙasa da mita shida suke so, don jiragen ruwan fito na Norwe suna tsuga kuɗi da zarar an wuce nan.

A ganina, ɗan uwanmu da ke zaune a Turai ya fara da haya kafin ya yi zancen saye. Mako guda ya isa ya nuna masa abin da mai talla ba zai faɗa ba. Ya ƙirga kujeru masu bel, kada gado ya ruɗe shi, don akwai motar da ke kwantar da mutum huɗu amma biyu kawai doka ta yarda ta ɗauka a hanya, ga shi iyalanmu ba ƙanana ba ne. Ya kuma leƙa banɗaki da idon mai alwala sau biyar a yini. Motar Amurka na tara ƙazanta a babban tanki, a zubar da ita ta mesa. Ta Turai ɗan akwati ne da bai kai lita ashirin ba, mutum zai zaro ya kai wurin zubarwa da hannunsa. Ga gidan da ake tsarki da buta, akwatin bai cika wuce kwana biyu ba.

Wanda kuma ya nace sai ya sayi ta hannu, ya bar batun kilomita tukuna, ya nemi takardar gwajin danshi ta kowace shekara. Ruwan sama da ya sami kafa ta bakin taga yana ruɓar da katakon bango a ɓoye, gyaransa kuma yakan fi na inji tsada. Kafin ya biya, ya roƙi mai ita su kai ta sikelin manyan motoci a auna ta babu kaya.