Likkafar Uba Ba Ta Ɗa Ba Ce

'Yan uwana iyaye mata, yau zancen doki zan yi, ko da yake na san wasu za su ce ina ruwan mace da sirdi. To ai mu ne da ruwa, tunda in aka shigo da yaro a karye mu ke kwana zaune.

A nan ƙasar Gumel, tun daga Sule Tankarkar har Gagarawa da Maigatari, doki gado ne. In sallah ta zo hakimai suka nufi fada da jama'arsu, kowane uba so yake a hango ɗansa a kan doki da ɗan rawaninsa. Ban ƙi ba wallahi, ni ma nawa na hawa. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne yadda ake ɗora ɗan shekara 6 a kan sirdin babansa, yana yawo tsakanin kwacciyar gaba da ta baya kamar ƙwarya a ruwa, ƙafarsa da ƙyar take taɓa likkafa.

Faɗuwa daga doki ba ita ce babbar masifa ba, musamman mu da Allah ya ba rairayi. Masifar ita ce yaro ya faɗo ƙafarsa na cikin likkafa. Likkafar manya faɗi gare ta, ƙafar yaro sai ta zurma gaba ɗaya har idon sawu. In 'yan bindiga suka saki guda doki ya zabura, yaron zai riƙa ja a ƙasa, kuma da ya ji abu na bin sa sai ya ƙara wuta. Allah ya kiyashe mu. Wadda ta matse ma haka take, ba ta sakin ƙafa. Daidai ita ce a bar sararin ɗan yatsa ɗaya kowane gefen takalmi, igiyarta kuma a rage ta, yadda in yaro ya saki ƙafa gindin likkafar zai tsaya a idon sawunsa. A Ingila har wata likkafar yara suke yi mai roba a gefe, da yaro ya faɗo sai robar ta ɓalle.

Takalmi kuwa a hannunmu yake, don mu ke shirya yaro. Ban da silifa, ban da kambas mai kaushin ƙasa, ban da ƙafa tsirara. A sa masa rufaffe mai santsin ƙasa da ɗan tudun dunduniya, shi ke tokare ƙafa kada ta wuce. Ni baduku nake kai wa nawa ya gwada ƙafarsa, ba na sayen babba wai don ya kai baɗi.

Masu ɗaure yaro da rawani a jikin sirdi kuwa, don Allah su bari. In majanyi ya saki sirdi ya juye, da wa zai juye?

Ranar Alhamis in maigida zai tafi kasuwar Maigatari, wajen 'yan dawaki da kayansu, ki ce masa, "Baban Abba, don Allah a tafi da yaron, a gwada sirdin da likkafar a jikinsa." In ya ce kuɗi, a fara da likkafa da takalmi, mutum kuma ya riƙe ragama a ƙasa har sirdin ya samu.