Lamba Ɗaya, Na'ura Biyu

Wani ma'aikacin gwamnati a Damagaram ya yi wata biyar yana tsimi domin ya mallaki na'ura mai ƙwaƙwalwa. Da kuɗi suka taru, sai ya samu MacBook Air ta hannu a wani shago. Mai shago ya rantse ƙirar 2017 ce, kuma a kan haka aka yi ciniki.

Da dare hankalinsa bai kwanta ba, domin babu shekara a rubuce a jikin murfin. Ya shiga sashen bayanan na'urar, inda ya iske lambar da kamfanin Apple ya raɗa mata: MacBookAir7,2. Ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran aiki, domin a jerin kamfanin na'ura biyu ke amsa wannan lamba: mai inci 13 ta farkon 2015, da ƙanwarta ta 2017. Kamanninsu ɗaya, kamar an tsaga kara. (Sababbin ma sun fi wahalar da mutum: MacBook Air ta 2022 Mac14,2 kawai ake kiranta, ko kalmar Air babu.)

Saurin ƙwaƙwalwar ne ya raba gardama. Ƙaramar ta 2015 tana da 1,6 GHz, ta 2017 kuwa 1,8. Tasa 1,6 ta nuna.

Da safe ya koma. Mai shago ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce wallahi shi ma haka aka faɗa masa lokacin sari. Bayan doguwar jayayya ya mayar masa da jika ashirin.