Ruwa Na Gudana, Masu Shi Sun Wuce: Ziyara a Lambun Jannatul Arif

 

'Yan uwa matasa, da yawa daga cikinmu suna jin sunan Andalus tamkar tatsuniya, alhali kuwa tana nan cikin zaurukanmu na Sakkwato. Ishiriniyar da ake rerawa a watan Maulidi, mawallafinta Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, Ibn Asim ne ya tsara ta, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426. Imam Shaɗibi mai Muwafaƙat shi ma a Garnaɗa ya rayu, ya rasu a 1388. Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjin 1324 har ya rasu a Tambutu, ɗan wannan birni ne. Don haka da wani taron ilimi ya kai ni ƙasar Sifen, ban ɗauki zuwa Garnaɗa a matsayin yawon buɗe ido ba, ziyarar gidan malamanmu na ɗauke shi.

Fadar Alhamra tana bisa tudu, a gefenta kuma, kan wani gangaren dutse da ya fi ta tsayi, akwai lambun da sarakunan Banu Nasr ke hutawa, wato Jannatul Arif. An yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa da irin shukarsa: a ƙasa gonakin kayan lambu waɗanda har yau ana noma su, a sama kuma furanni da lemo da inuwa mai sanyi. A tsakiyar gidan akwai fili mai tsawon kusan mita 49, magudanar ruwa ta raba shi biyu tun daga farko har ƙarshe. Maɓuɓɓugan da ke feso ruwa suna haɗuwa a sama, waɗanda baƙi ke rububin ɗaukar hotonsu, an ƙara su ne ƙarnoni bayan tafiyar Musulmi. Ruwan masu gidan na asali mai tafiya ne a hankali, sai ka yi shiru kafin ka ji motsinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata matakala ce da ake kira matakalar ruwa. An fafe saman katangunta biyu, dama da hagu, ruwa yana gangarowa ta cikinsu daidai inda mai hawa ke ɗora hannu. Masana tarihi sun ce a ƙarshenta akwai ɗan masallaci a da. Na sa hannuna cikin ruwan, sanyinsa ya ratsa ni, na tuna zafin watan Afrilu a Sakkwato, sannan na tambayi kaina: ta yaya ruwa ya hau dutse tun kafin a san injin?

Amsar ita ce bai hau ba, saukowa ya yi. Lokacin da Muhammad ɗan Ahmar ya fara ginin Alhamra a 1238, sai aka tare kogin Darro a can sama, nisan kimanin kilomita 6, inda kogin ya fi fadar tudu, aka haƙa magudana tana bin jikin dutse da ɗan gangare kaɗan har ta iso. Ruwan yakan shayar da gonaki, ya ratsa lambu, ya tsallaka zuwa gidaje da wuraren wanka da na alwala, ragowarsa ta gangara gari. Lissafi ne da haƙuri, da kuma mutanen da ke yashe magudana duk shekara, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Mai karatu zai fi gane darajar wannan idan ya kwatanta da lambunan salon Barok na Turai. A fadar Bersai ta Faransa, sarki Luwi na 14 ya so ruwa ya yi ta tsiri sama don nuna isa. A 1684 aka kammala wani ƙaton inji mai ƙafafun juyi 14 a kogin Sen don ɗaga ruwa, amma duk da haka ruwan bai ishi maɓuɓɓugan duka a lokaci guda ba. Sai ma'aikata su buɗe wadda sarki ya doso, su rufe wadda ya wuce. Subhanallah! Mulkin da ke jin ya mallaki komai, dabarar bayinsa ce ke rufa masa asiri.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. A bangon Alhamra an sassaƙa taken Banu Nasr ba adadi, ma'anarsa babu marinjayi sai Allah. A ƙarƙashin wannan rubutu ne Abul Hasan Ali da ɗansa Abu Abdullah da ƙanensa Azzagal suka yi ta yaƙar juna kan sarauta, alhali abokan gaba suna cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, har ranar 2 ga Janairu, 1492, aka miƙa makullan birnin. Duk wanda ke karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a ya san ƙissar mai gonaki biyu da ƙorama a tsakaninsu, wanda ya zaci ba za su taɓa halaka ba. Mu ma mutanen Sakkwato ba baƙin wannan darasi ba ne: birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, Turawan Ingila sun shige shi a watan Maris na 1903.

To, mene ne namu a ciki? Na ga matasanmu suna yaɗa hotunan Alhamra a intanet suna kukan ɗaukakar da ta wuce. Kuka ba ya haƙa magudana. Ga Rima ga kogin Sakkwato a gefenmu, amma a unguwanni da dama sai an jira ɗan garuwa ya turo kura kafin a ɗora tukunya. A wasu masallatanmu kuwa za ka tarar an bar famfo yana zuba, mai alwala ya ƙarar da buta biyu, alhali ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan yi alwala da mudu guda. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, ladansa bai yanke ba.

Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina: wanda Allah Ya buɗe wa lissafi ko ilimin injiniya ko noma, ya karanta shi da niyyar ibada, domin farilla ce ta kifaya a kan al'umma. Wanda bai kai nan ba, ya gyara famfon masallacin unguwarsu, ya haɗa ruwan alwala da gindin dogon yaro ko zogale, ya ajiye randa a ƙofar gida don masu wucewa. Fadojin Banu Nasr yanzu sai da tikiti ake shigarsu, amma magudanar da talakawansu suka haƙa har yau tana shayar da itatuwa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya haɗa kawunanmu, Ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa, amin. Wanda ya ga gyara, ƙofa a buɗe take.