Masu Yankan Katako a Hunturun Finlan

A ƙasar Finlan, can arewacin Turai tsakanin Rasha da Suwidin, mai yankan katako ya fi fargabar rashin sanyi a kan sanyin kansa. Da watan Nuwamba ya kama, idonsa na kan ma'aunin zafi kamar yadda manomi ke duban gabas a farkon damina. So yake ma'aunin ya sauka ƙasa da sifiri, ya kuma zauna a can makonni a jere, domin akwai dazuzzukan da inji ba ya shigarsu sai ƙasa ta daskare ta yi tauri.

Kusan kashi uku cikin huɗu na Finlan daji ne, mutanenta kuma ba su kai miliyan 6 ba. Itatuwan galibi iri uku ne: biyu masu siririn ganye mai tsini da ba ya kaɗewa, na ukun mai farin ɓawo. Amma abin da ke tsara aikin shekara yana ƙarƙashin itatuwan. Kimanin sulusin faɗin ƙasar dausayi ne mai lumtsawa, inda gansakuka da ruɓaɓɓun tsirrai suka yi dubban shekaru suna taruwa. A shekarun 1960 da 1970 an yi ta haƙa magudanai don a tsane ruwan wuraren. Itace ya tashi, ya isa yanka, sai dai ƙasar ba ta daina taushi ba. Injin da ke kwashe gumagumai, idan ya yi lodi, yakan kai tan 30. In ya shiga irin wannan wuri a lokacin ɗumi sai ya nutse, ya tsittsinke saiwoyin itatuwan da aka bari, ya bar kwari mai daɗewa bai cike ba. Shi ya sa tun wajen ciniki kamfani yake tantance dajin mutum: wanda za a iya shiga ko yaushe ya fi tsada, wanda sai da hunturu kuwa mai shi ya yi haƙuri.

Hanyar shiga dajin ma ƙanƙara ce ke gina ta. Dusar ƙanƙara idan ta yi kauri takan lulluɓe ƙasa ta hana sanyi ratsa ta, don haka ake tura inji ya danne ta tun da wuri, sanyi ya sami hanyar shiga ciki. Inda itacen yake a tsibiri, akan huda ƙanƙarar tafki, a zuƙo ruwa da famfo a malala a kai ya daskare, a sake malalawa, har kaurin ya isa ɗaukar kaya. Wani alherin hunturu kuma shi ne cutar da ke ruɓar da saiwa, wadda ke shiga ta sabon kututture, ba ta yaɗuwa cikin tsananin sanyi. A watannin ɗumi doka ta tilasta a fesa wa kututture magani. Da hunturu ba a bukata.

Yau kusan duk saran da kamfanoni ke yi inji ne ke yin sa. Direba yakan iso da asuba cikin duhu, kuma duhun ba ƙarami ba ne: a Helsinki, babban birnin ƙasar, hasken rana a watan Disamba wajen awa 6 ne kawai, a Utsjoki kuwa, ƙarshen arewa, rana takan yi kusan kwana 50 ba ta fito ba. Ya hau ɗakin tuƙi mai ɗumi, ya kunna fitilu, ya miƙa hannun injin mai tsawon kusan mita 10. Kan injin ya rungume gindin itace, zarto ya fito ya ratsa shi cikin ƙiftawar ido. Da itacen ya motsa, dusar da ta yi watanni a kan rassansa sai ta zubo gaba ɗaya, gilashi ya yi fari fat, direban ya dakata har ƙurar ta lafa. Sannan tayoyi masu haƙora su ja gungumen ta tsakanin wuƙaƙe, rassa su zube, kwamfuta ta auna tsawo da kauri ta zaɓi inda za a yanke: wannan na masana'antar katako, wancan siririn na takarda. Duk wannan bai cika ɗaukar minti guda ba. Rassan kuma a gaban injin ake zubar da su, su zama shimfiɗar da zai taka.

Wanda ya ga ɗakin tuƙin zai ce aikin hutu ne, har sai wani abu ya lalace. A irin wannan sanyi man gas na yau da kullum yakan yi kauri ya toshe matata, sai an sayi na hunturu. Man da ke motsa hannun injin yakan yi nauyi, tiyo ya fashe, ƙarfe ya yi gautsi. Sarƙar zarto in ta tsinke, dole mutum ya sauko cikin dusa har gwiwa, ya cire safar hannu, ya kama ƙaramin noti da yatsun da suka soma mutuwa, shi kaɗai, nesa da gari. Idan sanyi ya doshi digiri 30 ƙasa da sifiri, da yawa sukan kashe inji su jira, don asarar karyewar ƙarfe ta fi ta kwana ɗaya. Ƙasar ta taɓa ganin abin da ya fi haka: a Janairun 1999 an auna digiri 51.5 ƙasa da sifiri a ƙauyen Pokka na yankin Laplan.

Masu zarton hannu mai inji ba su ƙare ba, su ake kira inda babban inji ba zai shiga ba, kamar gefen gidaje da layin lantarki. Aikinsu ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi burge ni. Kafin mutum ya ta da zarto sai ya sa shebur ya tone dusar da ta binne gindin itacen, don kada ya bar dogon kututture. Sai ya tattake hanyar da zai ja da baya, domin ba a gudu cikin dusa mai zurfi. Ya fafe baki a ɓangaren da yake so itacen ya faɗi, ya zagaya ya yanko ta baya, ya bar ɗan siririn itace a tsakani wanda zai riƙe shi ya saita faɗuwarsa, ya buga weji ya tura. Daskararren itace yana da gautsi, wannan mariƙin na iya karyewa kafin lokaci. Babban abokin gabarsa kuwa gumi ne. In ya jiƙe rigar ciki sannan ya tsaya hutawa, sanyi ya kama shi ke nan, shi ya sa suke saka tufa hawa-hawa, su rage in jiki ya ɗau zafi.

Kakanninsu sun ga abin da ya fi wannan. Har zuwa shekarun 1950 dubban ƙananan manoma ne ke barin gida da hunturu su nufi sansanonin daji na arewa da gabas, da gatari da zarton hannu da doki. A ɗaki ɗaya na gumagumai suke kwana, jiƙaƙƙun safa rataye a kan murhu, mata masu dafa abinci suna tashi kafin kowa. Doki ke jan itace a kan hanyar da aka yayyafa wa ruwa ta daskare, a tara a bakin kogi, in ƙanƙara ta narke ruwa ya ɗauka zuwa masana'anta. A kogin Kemijoki ba a daina haka ba sai 1991. Gumin waɗannan mutane na cikin abin da Finlan ta biya Tarayyar Sobiyet diyyar yaƙi da shi tsakanin 1944 da 1952. Daga cikinsu ne Einari Vidgrén ya fito, wanda ya fara aikin daji yana yaro, ya gaji da injinan da ke karyewa, ya ƙera nasa, ya kafa kamfanin Ponsse a ƙauyen Vieremä a 1970.

Kimanin kashi 60 cikin 100 na dajin da ake yanka mallakar iyalai ne, sama da mutum 600,000. Tun 1886 doka ta hana ƙarar da daji, kuma wanda ya sare wajibi ne ya tabbatar sabo ya tashi, ko da yake itacen da ya dasa sai ya shekara 60 zuwa 80 a kudu, fiye da 100 a arewa. Katakon na zuwa har Masar da Aljeriya. Wannan tsari abin yabo ne, amma bai kamata a rufe ido ga abin da ya rage ba. Dashen daji ba ya maye gurbin tsohon daji. A yankin Inari, 'yan ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara sun yi shekaru suna jayayya da hukumar gandun dajin gwamnati, Metsähallitus, saboda gansakukar da dabbobinsu ke ci da hunturu a tsofaffin itatuwa take rataye, kuma ina ganin kukansu na kan gaskiya.

Damuwar da ta fi ci wa masu aikin tuwo a ƙwarya yanzu ita ce gajartar hunturu. A na 2019 zuwa 2020, kudancin ƙasar ya sha ruwan sama maimakon dusa, ƙasa ta ƙi daskarewa, dazuzzukan da aka riga aka saya suka tsaya ba a taɓa su ba. Galibin injinan na ƙananan 'yan kwangila ne da suka ci bashin banki, inji ɗaya na iya kai rabin miliyan na kuɗin Yuro, kuma biyan bashi ba ya jiran sanyi. Masu ƙera injina sun duƙufa kan faɗaɗa sarƙar taya da ƙara yawan tayoyi don nauyi ya bazu, ana kuma amfani da taswirar danshin ƙasa a gane inda zai ɗauki inji ko da rani. A gefe guda masana'antu na ƙara buɗe baki: sabuwar masana'antar kamfanin Metsä da aka buɗe a garin Kemi a 2023 ita kaɗai tana bukatar itace mita kubik miliyan 7.6 a shekara, kuma ba ta tsayawa ko ƙasa ta daskare ko ba ta daskare ba.