Daminar Azbin, Inda Ruwa Ke Zuwa Ta Ƙasa

Duk Bagobirin da ya zauna gaban tsofaffi ya ji cewa kakanninmu sun yi zamani a Azbin kafin su gangaro kudu, a yi Birnin Lalle, a yi Alkalawa, har a zo kan Sabon Birni. Ni dai in an ambaci sunan, rairayi da raƙuma kawai nake hangowa. Ashe ƙasar duwatsu ce baƙaƙe ƙirin a tsakiyar hamada, kuma tana da daminarta, wadda ko kusa ba ta bi tsarin tamu ta Tsamaye ba.

A watan Agusta na tafi. Daga Madawa zuwa Tawa gero na ta kaɗawa kamar a gida, amma da muka wuce Abalak sai gonaki suka ƙare, sai ciyawa da jajayen shanu masu dogon ƙaho da ake korawa wajen Ingal don lasar gishiri. A Agadas na ga hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda asalinta ya koma wajen 1515. Yadda ginin laka ya kai yanzu bai ba ni mamaki ba da na ji cewa ruwan shekara guda a garin milimita 100 ne da 'yan kai. Abin da muke samu a ƙasar Isa da Sabon Birni ya ninka wannan sau huɗu ko fiye, amma muna kukan ƙarancin ruwa!

A cikin duwatsu, kan hanyar Timiya, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Da safe sama tas, ko ƙyallin girgije babu, rana na dukan dutse har ba ka iya dafa shi. Da azahar sai wani ɗan farin gajimare ya tsaya a kan Bagazam, dutsen da tsororuwarsa ta kai mita 2,022, wanda babu mai tsawonsa a duk Nijar. Kafin la'asar ya kumbura, ya yi baƙi, ya rufe rabin sama. Dalilin kuwa, iskar damina mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, wadda ke ba mu ruwa tun Yuni, ba ta isa can sai a Yuli da Agusta, ta riga ta gaji. Dutse mai zafi ne ke ɗaga ta sama, ta yi sanyi, ta haɗa hadari. Shi ya sa kan dutse ke shan ruwa, fili na kallo.

Sau da yawa ƙura ke riga ruwa isowa, ja wur, tana tafe tun daga ƙasa har sama. Nan na gane amfanin rawanin Buzaye, don ni da hulata sai da na ci yashi na ƙoshi. Tsawar kuma ba sau ɗaya take faɗuwa ba. Ta daki wannan dutse, ya miƙa wa wancan, wancan ya mayar, har ka rasa ta ina ta fito. Sai iska ta juya da sanyi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hanci, alhali ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Muna cikin ƙetare wani faffaɗan kwari mai farin yashi, irin wanda suke ce wa kori, sai direbanmu ya kashe mota a kan gaɓa ya kasa kunne. Na ce masa, "Malam, lafiya? Ai hadarin ya wuce." Ya ce, "Ɗan'uwa, a nan ba sama ake duba ba." Ba a jima ba na ji wani rugugi daga nesa, sai ga ruwa ya kunno kai, ja, mai kumfa, yana tura itatuwa da duwatsu a gabansa, a inda ɗazu awaki ke tafiya. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya zuba a can sama gangarowa yake a lokaci guda. Mu a gida gulbi kan yi sallama, ya hau a hankali kwana da kwanaki. Wannan cikin ɗan lokaci ya cika, washegari kuma babu shi, sai danshi. Mutanen wurin ko gezau. Suka hura gawayi suka ɗora shayi, mai ɗaci da zaƙi, aka miƙo mini busasshen cuku mai taurin da ya kusa raba ni da haƙori, muka zauna jiran ruwa ya ba mu hanya.

Ruwan nan ba ɓacewa yake ba, nutsewa yake cikin yashi, kuma da shi ake rayuwa duk shekara. A Timiya lambuna sun jeru a bakin kori: dabino, rumman, inabi, da lemun da na tarar bai nuna ba tukuna. Na ga raƙumi na jan guga, ya yi gaba ya dawo, ruwa na zuba a kwararo da kansa, ko da yake injin ban-ruwa ya kusa kore wannan dabara. Albasar garin Tabelot kuwa manyan motoci ke kwasarta zuwa kudu.

Wani dattijo mai lambu na tambaya, "Baba, haka daminarku take tun da?" Ya girgiza kai. Ya tuna farin 1973 da na 1984 da suka ƙarar da dabbobi. Yanzu, in ji shi, ruwa ya dawo amma da fushi: a yi makonni ba ɗigo, sannan na wata guda ya sauka a dare ɗaya. Maganarsa ta dace da wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982, saboda Sahara na ƙara zafi. A farkon Satumbar 2009 korin Telwa ya fasa shingensa ya afka wa Agadas, dubban gidajen ƙasa suka rushe. Shekara guda bayan haka mu ma muka ga tamu, lokacin da ruwa ya cinye ƙauyukan Goronyo ya yanke gadar jami'a a Sakkwato. A 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi.

Dattijon ya nuna mini inda rijiyar mahaifinsa take, yanzu tsakiyar kori ce, yashi ya binne ta. Ya jera duwatsu cikin ragar waya a bakin gaɓa don tare abin da ya rage na lambun, kuma tun daga Yuli har ƙarshen Satumba, kullum da yamma sai jikokinsa sun kwance injin ban-ruwansa sun hau da shi tudu, ko akwai hadari ko babu.