Wuni guda a birnin Damagaram

Ƴan kasuwar Yekuwa, Magarya da Dungas sun san hanyar Damagaram kamar tafin hannunsu, amma da yawansu ba su wuce tasha da kasuwar Dole. Ma'aikaci kuwa, daga ofis sai masauki. Alhali wuni guda ya isa baƙo ya ga abin da ya sa sunan wannan gari ya kai har Turabulus.

Mai son ganin gari, da sassafe zai fara, bayan ya karya da koko da ƙosai, ya nufi Birni tun rana ba ta yi zafi ba. A nan fadar Sarkin Damagaram take, dogarai na zaune a ƙofa cikin riguna ja da kore. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi a cikin garin. Bajamushen nan Barth ya sauka nan a ƙarshen 1852. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazmaju, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma shekara guda bayan haka, da aka yi yaƙin Tirmini, Faransawa suka ci garin. Barikinsu yana nan bisa duwatsu. Damagaram ce hedkwatar Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Da azahar, cin abinci ya kama. Akwai dambun zogale, akwai tuwon gero da miyar kuka, ga fura da nono mai sanyi don kashe ƙishirwa. Baƙo ya sha ruwa da godiya, domin gari ne da ke zaune kan dutse, daga nesa ake jawo masa ruwan famfo.

Bayan la'asar sai unguwar Zango, tsohon masaukin ayarin Buzaye da fatake, inda attajiri Malam Yaro ya yi zamaninsa. Dukawa na ɗinka jakunkuna da takalma, sorayen dā kuma na nuna zanen maginan Hausa. Da almuru, ƙamshin tsire da balangu ke cika titi, kilishi kuwa shi ne tsarabar gida.

To, sai dai abin da baƙo ke zuwa gani yana zaizayewa. Ganuwar Tanimu, guntaye suka rage. Kowace damina tana cin gidajen laka, magada kuma su rushe su gina na siminti. Tun 2006 Nijar ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su, amma takarda ba ta yaɓe. Attajirin da ya gyara soron kakansa, da ma'aikacin da ya kai ƴaƴansa su ga fada, su ne za su riƙe wannan gado.