Takardar hoto ta fi ciwon kwantar da ni

Na haura shekara arba'in kafin in san akwai wuraren da suka lotsa a ƙashin bayana. Ciwon baya ne ya kai ni asibiti, irin wanda duk mai zaman kanti ya sani: sai ka dafa ƙugu kafin ka miƙe daga benci. Da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya tura ni hoton MRI. Ƙanena ne ya karanta mini sakamakon, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wai faifan bayanka ne ya nutse cikin ƙashi."

Daga ranar na zama majinyaci. Na koma yin salla a zaune, buta ma sai an ɗaukar mini. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa magani. Wannan ya ce maɗori, wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wani kuma ya rantse sanyi ne. Ni kuwa a raina na riga na ga keken guragu. Ina kwance, bayana na ƙara sandarewa, ina ɗaukar sandarewar a matsayin shaidar cewa abin ya yi nisa.

Likitan ƙashi ne ya warware mini, da biro da bayan takarda. Tsakanin kusan kowace gaɓa da 'yar'uwarta a ƙashin baya akwai faifai, guda 23 gaba ɗaya, gefensa mai tauri, tsakiyarsa mai laushi. Zamewar faifai da aka fi sani ita ce wadda tsakiyar ke ɓullowa ta baya ta danne jijiya, zogi ya sauka har ƙafa. Nawa ba haka ba ne. Tsakiyar ta tura sama ko ƙasa, ta fasa siririn guringuntsin da ya raba ta da ƙashi, ta shige ciki, kamar yadda ƙafar kujera ke lotsa daɓen ƙasa. Babu jijiyar da ta danne. An fi ganinsa a inda ƙashin baya na sashen ƙirji ya haɗu da na ƙugu, kuma sau da yawa tun ƙuruciya yake faruwa, lokacin da ƙashi bai gama ƙwari ba. Faɗuwa da ɗaukar kaya masu nauyi suna kawo shi, haka raunin ƙashi, akwai kuma gado. Nan na tuna buhunan hatsin da na sha ɗauka a rumfar Baba ina ɗan saurayi, ina jin kaina gwarzo.

Sunan da ke takardar, Schmorl, na wani likitan Jamus ne, Georg Schmorl, wanda ya yi aiki a birnin Dresden ya kuma bayyana abin a 1927. Gawawwaki ya bincika, dubbai, ya same shi a fiye da kashi ɗaya bisa uku. Ke nan a kowane sahun salla akwai masu shi, kuma yawancinsu ba za su taɓa sani ba. Likitan ya ce nawa tsoho ne, domin sabo yakan zo da kumburi a ɓargon da ke kewaye, hoto kuma yana nuna shi. Sabon ne mai zafi, kuma ko shi yawanci yakan lafa cikin watanni da maganin kashe zafi, ɗan hutu da gashin ƙashi. Ba kasafai ake kaiwa ga tiyata ba. Ciwona dai, a ganinsa, na tsoka ne da dogon zama.

Abin da ya tashe ni ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: tafiya da safe, atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da mai gashin ƙashi ya koya mini, da durƙusawa da gwiwa idan zan ɗaga kaya. Ya kuma hana ni haɗiyar diclofenac kullum daga kemis, saboda yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Ranar da na koma ruku'u da sujada yadda aka saba, maiɗakina ta fi ni murna.

Kada dai a ɗauka cewa nake kowane ciwon baya wasa ne. A ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, ciwon daji ma yakan yaɗu zuwa can. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare ko rama, a je asibiti ba da jinkiri ba. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, a tafi a ranar. Wanda kuma aka miƙa wa takardar hoto, ya kai wa likitan da ya tura shi kafin ya ba 'yan gida su fassara masa.